Ranar Da Dawa Da Wake Suka Isa Tashar Sama

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na 'yan asalin ƙasar Daura

  

Sa'ad da muka shaida wa masu shirya wannan taro abin da muke son mu yi magana a kai, wani dattijo daga cikinsu ya yi murmushi, ya tambaye mu ko matsalolin da ke ƙasa ne suka ƙare har muka ɗaga kai zuwa sama. Tambayar tana kan hanya, kuma za mu dawo kanta kafin mu sauka daga wannan mumbari. Amma da farko muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku, mu ba ku labarin wata tafiya da aka yi da kayan gonarmu ba tare da yawancinmu mun sani ba.

Ranar Juma'a, 1 ga Agusta, 2025, da misalin ƙarfe biyar saura kwata na yamma agogon Nijeriya, wata roka mai suna Falcon 9 ta tashi daga Cibiyar Kennedy da ke jihar Fulorida ta Amurka, ɗauke da kumbon Dragon da mutum huɗu a cikinsa: Zena Cardman, wadda ita ce shugabar tafiyar, da Mike Fincke, dukansu Amurkawa, sai Kimiya Yui na Japan da Oleg Platonov na Rasha. An sa wa tafiyar suna Crew-11. A cikin kayan da suka ɗauka akwai wani ɗan ƙunshi na irin shuka daga ƙasashe daban-daban, har da audugar Masar da alkamar Pakistan. Hukumar binciken sararin samaniya ta Nijeriya, wato NASRDA, ta ba da iri shida: dawa, wake, masara, kuɓewa, alayyafo da agushi. Jaridun kudu sun fi yayata agushin, don shi ne mahaɗin miyarsu. Mu kuwa dawa da waken ne suka ja hankalinmu, domin babu rumbun da za a buɗe daga Baure zuwa Mai'aduwa a rasa ɗaya daga cikinsu. Ba mu ga laifin wanda labarin ya wuce shi ba. A lokacin damina ta kai marka, mutanenmu suna gona, garin kuma bai gama karɓar masu ta'aziyyar marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ba, wanda aka yi wa sutura a nan Daura ranar 15 ga Yuli. Gero dai, wanda shi ne sarkin hatsinmu, ba a tafi da shi ba, kuma mun riƙe wannan a matsayin bashi.

Inda suka nufa shi ne Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. Gida ne na ƙarfe da aka harhaɗa gunduwa-gunduwa a sama, tun daga ɗaki na farko da Rasha ta harba a watan Nuwamba na 1998. Ƙasashe 15 ne suka haɗa hannu wajen gina ta. Tsawonta mita 109, wato kamar filin ƙwallo, nauyinta ya haura tan 400. Tun ranar 2 ga Nuwamba, 2000, da mutum uku na farko suka shiga, ba ta taɓa kwana babu kowa a ciki ba. Yaron da aka raɗa wa suna a wannan makon, a yau magidanci ne. Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne kusancinta. Tana tafiya ne a tsayin kilomita 400 ko kusa da haka daga doron ƙasa, wanda bai kai nisan da mai mota zai yi daga Daura zuwa Abuja ba. Wahalar ba ta nisa ba ce, ta gudu ce. Tashar tana gudun kilomita 28,000 a awa guda, tana kewaye duniya a cikin minti 90 da 'yan kai, saboda haka waɗanda ke cikinta suna ganin fitowar rana sau 16 a kwana ɗaya. Da a ce a kan hanyarmu take gudu, da kafin direban tasha ya gama kiran fasinja sau biyu ta bar Daura ta wuce Kano, domin tafiyar ba za ta kai ta daƙiƙa 20 ba.

Me ya hana ta faɗowa? Amsar da za ta ba ku dariya ita ce, faɗowa take yi, kullum, ba dare ba rana. Ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa da shi bai ƙare a can ba, kusan kashi 90 cikin 100 na wanda muke ji a nan yana nan. Sai dai gudun da take yi a kaikaice ya kai yadda duk faɗowar da ta yi, ita ma ƙasar, da yake a dunƙule take, ta riga ta lanƙwashe ta kauce mata. Haka za ta yi ta faɗowa tana kuskuren ƙasa. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ake ganin 'yan sama jannati suna shawagi a cikin ɗaki. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya, ko a Kusugu ko a ta bayan gidansu, ya san in igiya ta tsinke, guga da ruwan cikinsa tare suke tafiya, ruwan ba ya danna gindin gugan har sai sun isa ƙasa. Mutanen da ke cikin tashar su ne ruwan, ita ce gugan, sai dai rijiyarsu ba ta da ƙarshe.

To, yaya za a yi ƙaramin kumbo ya tashi daga ƙasa ya riski abin da ke irin wannan gudu, har ya manne da shi ba tare da sun farfasa juna ba? Nan ne gundarin maganarmu.

Abu na farko shi ne lokacin tashi. Tashar tana bin hanya guda a sama, kamar zobe da aka karkata, duniya kuma tana juyawa a cikin zoben. Dole sai juyawar duniya ta kawo filin tashi daidai ƙarƙashin wannan hanya kafin a kunna wuta. Ga kumbon Dragon, damar ba ta wuce ƙiftawar ido ba a rana. Ita kanta wannan tafiya ranar 31 ga Yuli aka shirya ta, mutanen sun shiga sun zauna, an ɗaure su, saura kamar minti guda a tashi sai gajimare ya taso, aka ce kowa ya sauko sai gobe. Ba wanda ya ce a ɗan jira hadarin ya wuce, domin in an ƙara minti biyar hanyar ta riga ta gota. Mu da muka saba a kira taro ƙarfe goma a fara bayan azahar, sai mu yi shiru a nan mu wuce.

Abu na biyu shi ne bin sawu, kuma a nan ne hankalin ɗan'adam ya fara cin karo da abin da bai saba ba. Cikin minti tara roka ta kai kumbo sama, ta sake shi a wata hanya da ke ƙasa da ta tashar, wajen tsayin kilomita 200. A ƙa'idar falaki, wanda ke ƙasa ya fi wanda ke sama gudu, kuma da'irarsa ta fi gajarta, kamar yadda mai kewaya fada zai riga mai kewaya ganuwa dawowa. Saboda haka a kowane zagaye kumbon yana rage tazarar da ke tsakaninsa da tashar da 'yan mintuna. In ya matso, sai ya riƙa hura wuta kaɗan-kaɗan yana hawa mataki-mataki, gudunsa yana raguwa, har hanyarsa ta zo ɗaya da tata. Abin da zai ɗaure wa mahayin doki kai shi ne wannan: in ka hango abokin tafiyarka a gabanka ka saki linzami don ka cim masa, ƙarin ƙarfin da ka yi zai ɗaga ka zuwa hanya ta sama, wadda ta fi tsawo kuma ta fi nawa, sai ka ga yana ƙara yi maka nisa. In kana son ka riske shi, sai ka ja linzami, ka gangara ƙasa, ka sha gabansa ta can. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, amma ba mu zaci waɗanda suka fara faɗin haka sun san cewa a sama maganar lissafi ce tsantsa ba. Su kansu Amurkawa da tsada suka koye ta. A watan Yuni na 1965, matuƙin kumbon Gemini 4, James McDivitt, ƙwararren matuƙin jirgin yaƙi, ya yi ƙoƙarin matsawa kusa da gangar rokar da ta kai shi sama. Ya yi ta nufar ta kai tsaye kamar yadda ya saba a jirgi, ita kuwa tana ta guje masa, har ya ƙona kusan rabin mansa ya haƙura. Sai a watan Disamba na shekarar ne Gemini 6 da Gemini 7 suka iya jerawa kafaɗa da kafaɗa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce taku guda ba.

Abu na uku shi ne sallama a ƙofar gida. Kumbo ba ya faɗa wa tashar kai tsaye. Yakan zo ta ƙarƙashinta, ya kai wajen mita 400, sannan ya kewayo ya daidaita da ƙofar da aka ba shi a tazarar mita 220. Akwai iyaka ta mita 200 kewaye da tashar wadda ba mai ƙetare ta sai da izinin masu lura da tafiyar a ƙasa, kamar dai baƙon da zai tsaya a zaure har a ce ya shigo. A mita 20 akwai wani wurin dakatawa inda ake sake duba komai. Kwamfuta ce ke tuƙi, tana auna nisa da hasken leza da kyamarori masu ganin zafi, mutanen ciki kuma idonsu na kan allo, a shirye su karɓi tuƙin ko su janye in abu ya karkace. Daga nan sai a matso da gudun da bai wuce santimita 10 a daƙiƙa ba. Ku auna wannan: abubuwa biyu, kowanne yana gudun kilomita 28,000 a awa, amma bambancin gudunsu bai kai tafiyar tsohuwa mai sanda ba. Da farko wani zobe mai laushi ne ke taɓa bakin ƙofar ya kama, ya shanye girgizar. In komai ya lafa, sai a janyo kumbon, ƙugiyoyi 12 su sarƙe su ɗaure tamau. Ko a nan ba a buɗe ƙofa. Sai an cika tsakanin ƙofofin biyu da iska, an zauna ana auna ko tana zurarewa, abin da kan ci awa ɗaya zuwa biyu. Kumbon da ya ɗauki dawarmu ya manne da tashar ranar Asabar, 2 ga Agusta, wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe agogonmu, ƙasa da awa 15 bayan tashinsa. Rashawa sun taɓa yin wannan tafiya cikin awa uku da 'yan mintuna a watan Oktoba na 2020. Irin shukar ya yi kamar mako guda a can, sannan ya dawo tare da ayarin da aka je canza, waɗanda suka sauka a tekun Fasifik kusa da Kalifoniya ranar 9 ga Agusta.

Jama'a, kada wani ya ɗauka wannan harka baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Tun farkon shekarun 1960, lokacin da Amurka ke shirin tura mutum ya kewaya duniya, ta kafa tashoshin bibiya a wurare daban-daban domin a riƙa jin muryar matuƙin a duk inda ya bi, kuma ɗaya daga cikinsu a Kano aka kafa ta. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, John Glenn, Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, ya yi magana da tashar Kano yana wucewa ta samanmu, ya ce yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, mutanen Kano suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan iska na kaɗawa. Hazon hunturunmu ne ya gani, wanda a ranar ma wataƙila iyayenmu suna nan suna rufe hanci da rawani saboda shi. Ranar 23 ga Agusta, 1963, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shugaba Kennedy suka yi magana ta waya ta hanyar tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi haka. Tashar Kano ta ci gaba da aiki har zamanin kumbunan Gemini, waɗanda a cikinsu ne aka fara haɗa kumbo da kumbo a sama, ranar 16 ga Maris, 1966, a hannun Neil Armstrong da David Scott. Mun sha tambayar matasanmu masu digiri ko sun taɓa jin wannan labari, da ƙyar ake samun wanda ya ɗaga hannu.

Ita wannan haɗuwa ta farko saura ƙiris ta zama ajali. Ba a daɗe da mannewa ba wani bututun wuta na kumbon ya maƙale a kunne, suka fara juyawa, da suka rabu da ɗayan kuma juyin ya tsananta har ya kai kusan zagaye guda a daƙiƙa, idanunsu suka fara dishi-dishi. Armstrong ya kashe injinan gaba ɗaya, ya yi amfani da waɗanda aka tanada don saukowa ya tsayar da juyin, aka dawo da su a ranar. Rashawa kuwa abin ya fi yi musu ciwo. A watan Afrilu na 1971 kumbon Soyuz 10 ya isa tashar Salyut 1, tasha ta farko a tarihi, ya taɓa ƙofa amma ƙugiya ta ƙi kamawa, suka juyo ba su shiga ba. A watan Yuni Soyuz 11 ya je ya shiga, mutum uku, Dobrovolsky da Volkov da Patsayev, suka yi kwana 23 a sama. A hanyar dawowa wani ɗan marfin iska ya buɗe tun suna can, iskar ɗakin ta fice, kuma ba sa sanye da rigar kariya saboda ɗakin ya yi musu ƙunci. Kumbon ya sauka lafiya lau, aka buɗe aka tarar da su ukun sun rasu a kujerunsu. Tun daga nan Rasha ba ta sake tura mutum ba sai da wannan riga.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne na 25 ga Yuni, 1997. Tashar Mir ta Rasha tana sama, kuɗi sun yi ƙaranci a ƙasa, na'urar da ke haɗa kumbo da tasha da kanta kuma tana da tsada, daga Yukren ake sayo ta. Sai aka ce a gwada ko mutum zai iya janyo kumbon kaya da hannu daga nesa, yana kallon allon talabijin, ba tare da na'urar auna nisa ba. Kumbon ya zo da gudun da ya fi ƙima, ya kauce wa ƙofa, ya daki wani ɗaki mai suna Spektr ya huda shi. Mutum ukun da ke ciki suka ji kunnuwansu suna toshewa, alamar iska na fita, suka yi ta yanke wayoyin da suka ratsa ƙofar ɗakin har suka samu suka rufe ta. Sun tsira, amma ɗakin bai sake amfani ba. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin gina aji ko haƙa rijiyar burtsatse, aka ce a rage siminti ko a bar gwajin ƙasa don a yi tsimi, ya san irin wannan shawara, ya kuma san wanda ake ɗora wa laifi daga baya. Ko a kwanan nan, a watan Yuni na 2024, sabon kumbon Starliner na kamfanin Boeing ya samu matsalar injina yana dab da tashar. Ya samu ya manne, amma hukumar NASA ta ƙi yarda a dawo da mutane a cikinsa. Butch Wilmore da Suni Williams, da suka je da niyyar kwana takwas, sai da suka yi wata tara, suka dawo a wani kumbon a watan Maris na 2025.

Yanzu bari mu koma ga tambayar dattijonmu, kuma za mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba. Mako guda da ƙwayar dawa ta yi a cikin ɗaki a sama ba zai cika rumbun kowa ba. Dalilin kai iri can shi ne a ga yadda rashin nauyi da haskoki masu ratsa jiki da ke sararin samaniya za su taɓa ƙwayoyin halittarsa. Mafi yawan canjin da kan faru ko dai ba shi da amfani ko kuma illa ne, jefi-jefi ne ake dacewa da wanda zai sa shuka ta jure fari ko ta nuna da wuri, kuma gano shi aikin shekaru ne na shukawa da zaɓe da sake shukawa. Sin ta fara irin wannan gwaji tun 1987. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya tare da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun aika da dawa tashar a watan Nuwamba na 2022, ta yi wata biyar, wani kaso ma a waje aka rataye shi, sannan aka kai ta ɗakin bincikensu a Ostiriya. Ku lura, su ma dawa suka zaɓa, domin duniya ta gane cewa hatsin da ya saba da zafi da ƙarancin ruwa shi ne abin dogaro a shekarun da ke tafe. Abin da manomin Zango ya gāda daga kakansa, yana zaɓen zangarniyar kaura ko farafara mafi kyau ya rataye don baɗi, shi ne masana ke nema da kuɗi masu yawa. Amma har gobe, irin da zai amfani manominmu ya fi kusa da fitowa daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya fiye da daga sama.

Amfanin sama da ya riga ya shigo gidajenmu ba ta hannun 'yan sama jannati ya zo ba, ta taurarin ɗan'adam ne marasa matuƙi: hasashen damina da ake sanarwa kowace shekara, taswirar da ke cikin wayar direba, hotunan da ke nuna inda hamada ta ci da inda dashen itatuwa ya kama a kan iyakarmu da Nijar. An kafa NASRDA a 1999. Ta harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumba na 2003, wanda har ya ɗauki hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. NigComSat-1 ya tashi daga Sin a 2007 ya mutu a 2008, aka maye gurbinsa a 2011, shekarar da aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi a Ingila. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda sai a 2014 ta kafa hukumarta ta ƙasa, ta kai Hazza al-Mansuri tashar a 2019, Sultan al-Neyadi kuma ya yi wata shida a can a 2023. Har yau ɗan Nijeriya bai shiga tashar ba. Lauya Owolabi Salis ya leƙa sama a kumbon Blue Origin a watan Yuni na 2025, amma tafiyar minti goma ce, hawa da sauka, ba kewaya duniya. Mu dai a ra'ayinmu ba abin kunya ba ne, kuma ba ma goyon bayan a kwashi dukiyar jama'a a saya wa mutum guda kujera don a ɗauki hoto.

Abin da ya kamata ya hana mu barci wani ne daban. A watan Yuni na 2017 wani kumbon kaya ya kai wani ɗan ƙaramin tauraro tashar, girmansa santimita 10 ta kowane gefe, nauyinsa wajen kilo guda, ranar 7 ga Yuli aka sake shi daga ɗakin Japan ya shiga falaki. Sunansa NigeriaEduSat-1, aikin haɗin gwiwa ne tsakanin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da NASRDA da wata jami'ar fasaha ta Kyushu a Japan. Gana da Mongoliya da Bangaladash ma a wannan rana aka saki nasu. Ɗalibai ne suka haɗa su da hannunsu. Abin da bai fi ƙaramin kwanon sha girma ba, kuma ba kuɗin mai ne ya kai shi ba, lissafi ne da haƙuri da malamai da suka tsaya. A yau muna da Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, wadda aka aza harsashinta a watan Disamba na 2019, irinta ta farko a ƙasar nan. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ta ƙasarmu aka tsara ya bi. Ilmin da ke hana jiragen ƙasa biyu haɗuwa a layi ɗaya, wato auna gudu da tazara da ba da izini mataki-mataki, ɗan'uwan wanda ke haɗa kumbo da tasha ne. Waɗannan makarantu za su cika da ɗalibai ko da namu ko babu namu. Yaron da ya gama sakandare a Sandamu bai taɓa riƙe ma'aunin zafi ba, bai taɓa haɗa waya da batir ya ga ƙwai ya kama ba, ba zai ci jarrabawar shiga ba, sai dai ya sayar wa waɗanda suka ci ruwan sanyi a bakin ƙofa. Mu da ke birni mun san haka sarai, shi ya sa muka kai namu 'ya'yan makarantun kuɗi. Mun taɓa ziyartar wata makaranta a ƙauye, aka buɗe mana ɗakin gwaje-gwaje, muka tarar an mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru, malamin kimiyyar kuma shi ne na Turanci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba mu zo da dogon jerin buƙatu ba. Akwai wani shiri mai suna ARISS, wanda ta hanyarsa makarantu a ƙasashe da dama suke neman a ba su minti goma ɗalibansu su yi wa ɗan sama jannati tambayoyi ta rediyo kai tsaye yayin da tashar ke wucewa. Ana nema ne a rubuce, a jira layi, kuma sharaɗinsa shi ne makaranta ta nuna shirin karatun da za ta yi wa yara kafin ranar. A cikin wannan zaure akwai injiniyoyin sadarwa da malaman jami'a da za su iya rubuta wannan takarda a zama ɗaya. Shekara 60 da wani abu bayan Glenn ya yi magana da Kano, ba mu ga abin da zai hana wata yarinya 'yar aji biyar ta yi magana da tashar daga Daura ba. Sai dai lokaci ya ƙure, domin an tsara a yi ritayar tashar wajen 2030, har NASA ta ba kamfanin SpaceX kwangilar ƙera kumbon da zai ingizo ta ta faɗa teku. Sin tana da tata tashar, Tiangong, wadda ta fara ginawa a 2021.

Kafin nan, akwai abin da ba ya buƙatar kwamiti. Da yawa daga cikin dattawanmu har yanzu ba su yarda mutum yana zaune a sama ba, kuma gardama ba za ta sauya musu ra'ayi ba, amma gani ya kori ji. Ana ganin tashar da ido ƙuru-ƙuru daga Daura, kuma a ƙauye, inda babu hasken lantarki mai kashe ido, ta fi fitowa fiye da a Abuja. Lokacinta shi ne bayan magariba ko kafin asuba, sa'ad da ƙasa ta yi duhu amma rana tana haska abin da ke can sama. Ba kullum take bi ta kanmu a irin wannan lokaci ba, amma manhajar waya ta NASA mai suna Spot the Station tana faɗin rana da minti da kusurwar da za ta ɓullo in an sa mata sunan gari. Ku nemi lokacin kaka, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya sauko. Za ku ga kamar tauraro mai haske sosai, wani lokaci ya yi kusa da hasken Zara, ya taso daga ɓangaren yamma, ko ta kudu ko ta arewa, yana tafiya a miƙe zuwa gabas. Ba ya ƙyaftawa kamar fitilar jirgi, ba shi da ƙara, ba shi da jela. Yakan ɗauki minti uku zuwa shida yana ratsa sama, wani lokaci kuma ya dushe ya ɓace a tsakiyar tafiya, wato ya shiga inuwar duniya ke nan. In kun zo hutu ko bikin Gani, ku fito da yaran gida da na maƙwabta tsakar gida minti biyar kafin lokacin, ku sa ɗaya daga cikinsu ya riƙe agogo.

Shugaban taro, mun ga ana ɗaga mana hannu.